Abin da Aka Binne a Ƙofar Kantin Lawan

Kwana shida ke nan da jandarmomi suka tare babban titin Arlit da igiya. An ga sabon tono a ƙofar kantin Lawan, kuma a shekarar tawayen nan, duk inda ƙasa ta motsa sai a ce nakiya ce.

Manyan motoci suka koma kutsawa ta lunguna, har ɗaya ta rushe katangar Fadimata mai ƙosai.

"Wallahi, Lawan, in aka kama wanda ya binne abin nan, ni zan fara jifansa," in ji ta.

Lawan ya yi kamar bai ji ba. Dama ciniki ya mutu tun da aka sallami ma'aikatan kamfanin haƙar ma'adinai. Yanzu ba damar buɗe kanti, ba damar buɗe baki.

Rana ta bakwai sojoji suka iso daga Agadas. Gari ya yi cincirindo bayan igiya. Wani soja ya tona a hankali, ya ciro gwangwanin tumatir. Laya ce a ciki. Ya warware, ya karanto da ƙarfi: "Lawan ɗan Dije."

Lawan ya dubi taron. Malamin da ya ba shi layar kiran ciniki ya binne bai yi ƙarya ba. Cewa ya yi cikin kwana bakwai, duk Arlit za ta taru a ƙofar kantinsa.