Farin Leshi a Shagon Asher

Ƙauna ta faɗo shagon Asher tela da ke bakin tashar jirgin Kafanchan, rungume da yaduka kala uku, tana haki. Saura kwana tara bikin ƙawarta Emilia, ita ce kuma babbar ƙawa.

"Maigida, taimake ni! Mu ƙawayen amarya shida ne. Wanne zai karɓi kowa? Rifkatu doguwa ce, Talatu kuwa ka san ta."

Asher ya tsayar da keke, ya kara yadukan ɗaya bayan ɗaya a kafaɗarta.

"Koren. Zan ɗinka guda biyar."

"Shida na ce!"

"Naki ne ba zan ɗinka ba."

Ta zuba masa ido. Me ta yi masa? Sai ya sunkuya, ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin tebur ya kwance. Farin leshi ne, sabo fil.

"Sau huɗu ina ɗinka miki kayan rakiyar wasu zuwa coci, Ƙauna. Wannan tun Kirsimeti na sayo shi a Jos. In kin yarda, ranar Lahadi baffana zai je Manchok wurin babanki."

Ta shafa leshin, ta dube shi, ta kawar da kai. Dariya na neman ƙwace mata.

"Koren dai sai ka ɗinka, ko Emilia ta kashe ni."

"Farin fa?"

Ta ajiye jakarta, ta ware hannuwa.

"Ɗauko abin awonka mana."