Sarƙa Uku Cikin Wata Tara

Sarƙa uku Maigadi ya zube a kan kantar kamfanin dillancin babura, baƙin giris ya fantsama har kan takardun manaja.

"Ƙirga su," in ji shi. "Wata tara, sarƙa uku. Da kwali kuke yin ƙarfenku ne?"

Manaja ya janye takardunsa da yatsa biyu. Ya san mutumin sarai. Gadin wani rumbun kaya yake yi, kuma sai da ya shekara huɗu yana tari kafin ya sayi babur sabo fil a wurinsu. Sharaɗin garanti ɗaya ne: ba bakaniken da zai taɓa shi sai nasu. Kowane zuwa sabis kuwa sai ya lashe rabin albashin Maigadi. Yau ma ga sabuwar takarda, wai sarƙar da ke jikin babur ma ta fara saki, haƙoran faifan gaba da na baya sun lanƙwashe kamar ƙugiya, duka sai an canza.

Aka kira babban bakanike, wani dattijo mai gilashi ɗaure da zare. Ya ɗaga sarƙa ɗaya, ya karkata ta gefe, ta tanƙwaru kamar igiya.

"Ɗan'uwa, wannan ta ci hanya," in ji shi. "Kuma da kaya ta ci ta."

Maigadi ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Wace hanya? Daga gida zuwa aiki da yamma, daga aiki zuwa gida da safe, kilomita huɗu kacal. Da rana barci yake yi irin na matattu, babur na ƙarƙashin rumfa a lulluɓe. Da mitar ƙirga tafiya na aiki da ya nuna musu, amma ita ma tun wata na biyu ta daina juyawa. Madubi kullum sai ya gyara masa zama. Abu ɗaya zai yaba wa babur ɗin, ba ya shan mai. In ya cika tanki sai ya yi mako uku bai leƙa gidan mai ba.

"Ko sisi ba zan ƙara ba ku ba," in ji shi, ya kwashe sarƙoƙinsa ya fita.

A gida matarsa ta saurare shi tana ninke kayan makarantar yara.

"Baban yara, ka bar su da halinsu. Akwai bakanike a bayan kasuwa, kashi ɗaya cikin huɗu zai karɓa. Ni zan biya."

"Da wane kuɗin?"

"Ɗan abin da nake ragewa a cefane."

Ya girgiza kai. Tun bara, da ta nemi ta fita neman aiki, ya gaya mata muddin yana numfashi shi zai ci da gidansa. Ba ta yi musu ba a lokacin, yanzu ma ba ta yi ba. Ita ba mai dogon zance ba ce.

Washegari daga aiki bai wuce gida ba. Ya kafa babur a ƙofar kamfanin, ya rataya sarƙoƙin uku a wuyansa, ya zauna a kan bulo. Duk wanda ya zo sayen babur sai ya tare shi.

"Kafin ka shiga, taɓa nan ka ji. Wata uku uku suke yi."

Mutum biyu suka juya a ranar farko. A rana ta biyu masu haya da babur suka fara tsayawa, kowa da nasa ƙorafin, wannan an caje shi kuɗin wankin da ba a yi ba, wancan an canza masa abin da lafiyarsa ƙalau. Manaja ya turo masu tsaron ƙofa su kore shi. Maigadi ya dube su sama da ƙasa.

"Ni ma aikin nan nake yi. Na san inda iyakar filinku ta tsaya, kuma bulon nan a kan titi yake."

Suka koma ciki suna sosa ƙeya.

Idanunsa suka yi jajir don rashin barci. Matarsa ma ta kasa zaune ta kasa tsaye. In ya leƙo gida yin wanka sai ya tarar wayarta na ta ruri, tana kashewa. Ta roƙe shi ya haƙura ya dawo ya kwanta, ta roƙe shi har sau uku. Abin ya taɓa masa zuciya, bai san ta damu da lafiyarsa haka ba.

A rana ta huɗu manaja ya fito da kansa, fuska a murtuke. Sarƙa sabuwa, faifai biyu sababbi, gyaran mita, duka kyauta, in dai zai tashi daga ƙofar. Babban bakanike ya ɗaura kayan da hannunsa, yana yi yana girgiza kai.

Maigadi ya shiga unguwa yana danna ham. Ya ba matarsa labari tun daga farko, ya sake maimaitawa, ya ce talaka ma in ya kafe sai an saurare shi.

"Gaskiyarka, Baban yara," in ji ta. "In ka kafe, sai an bar ka."

Washegari da safe ya dawo daga aiki, ya karya, ya miƙe a gado. Kafin yara su kai makaranta minsharinsa ya cika ɗaki.

Ta jawo masa ƙofa a hankali. Ta tura babur har kan kwana ba tare da ta tayar ba, ta ɗaure akwatin kai saƙo da maƙwabciya ke ɓoye mata, ta kifa hular kwano, ta buga kik, don saƙon kwana huɗu ya taru yana jiranta, kuma dole ta dawo ta cika tanki kafin ya farka.