Mita Biyar

Ana dab da tashin ɗalibai Sha'aibu ya iso makarantar sakandaren. A ƙafa ya taso daga Burumburum, duk da direbobi uku sun tsaya a hanya suna kiran sunansa ya shigo. Hannu kawai ya ɗaga musu.

Ya tambayi malamin da ke koyar da fiziks, aka nuna masa Malam Labaran a gindin darbejiya yana duba littattafan yara. Suka gaisa. Sha'aibu ya ciro wata takarda da ta sha ninki daga aljihu.

"Malam, ni a aji uku na bar makaranta. An ce ku kuna iya lissafa tsayuwar mota. Shi nake so a yi mini."

"Na jarrabawar wani yaro ne?"

"A'a. 'Yata ce mota ta buge. Ilham. Gobe kwana arba'in."

Malam Labaran ya ajiye jan bironsa, ya yi masa ta'aziyya, ya jawo masa benci.

Kowa ya riga ya yafe wa direban. Furera, uwar yarinyar, tun ranar uku ta ce ta yafe. Kakanni sun yafe, liman ya yi nasiha, mai gari ya ce magana ta ƙare, kwananta ne ya ƙare. Saura Sha'aibu. Ya yarda da ƙaddara, amma akwai abu ɗaya da ya tsaya masa a rai, kuma ya rantse ba zai zauna a tabarmar addu'ar gobe ba sai ya san amsarsa.

Motar kaya ce, ta ɗauko masara daga Doguwa. Buhu ashirin ne lodinta. Ranar nan sai wani manomi ya tare ta a bakin gona yana magiya, hadari ya haɗo, masararsa za ta jiƙe. Aka ɗora buhu goma a sama, aka ɗaure da igiya. Lokacin kaka babu direban da ba ya haka.

"Gudun nawa take yi?" Malam ya tambaya.

"Allurar gudun ta ɗan wuce saba'in."

Malam ya rubuta saba'in da biyu. Ya ce hakan na nufin mita ashirin a kowane sakan.

"Daga inda aka taka burki zuwa inda ta tsaya fa?"

"Mita hamsin. Daga gindin mangwaro ne. Tef ɗin magina na ara, sau uku ina aunawa."

"Akwai zanen taya a kan kwalta?"

"Babu. Tayoyin ba su ja ƙasa ba. An take burkin har ƙasa, tana dai tafiya."

Malam ya gyaɗa kai. Ya ce in haka ne, burkin ya ba da iyakar ƙarfinsa ke nan, nauyi ne ya rinjaye shi. Ya yi bayani a hankali, yana rubutawa da manyan lambobi yadda Sha'aibu zai iya bi. Motar da ta taso daga mita ashirin a sakan ta sauko zuwa tsayuwa, matsakaicin gudunta goma ne. Mita hamsin ke nan za ta ci sakan biyar. A raba ashirin gida biyar: kowane sakan gudun yana raguwa da huɗu.

"Yanzu nauyi. Motar kanta kilo dubu biyu, buhu talatin kilo dubu uku. Dubu biyar sau huɗu, dubu ashirin. Ƙarfin da burkin ya yi ke nan, niyuton muke kiran ma'auninsa."

Sha'aibu ya dubi lambar. Sakan biyar. Shi a ransa abin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba.

"To Malam, cire buhu goman nan."

Malam ya cire. Nauyi ya koma dubu huɗu. Burki ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma yanzu gudun zai riƙa raguwa da biyar a kowane sakan. Sakan huɗu. Mita arba'in.

Sai biron ya tsaya. Malam Labaran ya shekara goma sha tara yana ba yara irin wannan lissafi a allo, bai taɓa jin tsoron amsa ba sai yau.

"Ita yarinyar... a ina take tsaye?"

"Mita arba'in da biyar daga mangwaron."

Aka kaɗa ƙararrawar tashi. Ɗalibai suka fito suna gudu suna hayaniya, suka wuce ta gabansu. Sha'aibu ya bi su da ido har na ƙarshe ya fice.

"Malam Sha'aibu, lissafin takarda ne fa. Allura takan yi ƙarya, buhu ba duka yake cika kilo ɗari ba, sannan..."

"Da ta tsaya kafin ta kai gare ta."

Malam ya sake duba lambobin.

"Da mita biyar," in ji Sha'aibu. Ya karɓi takardar, ya ninke ta yadda take. "Na gode. Kai kaɗai ka gaya mini gaskiya."

"Ka ji tsoron Allah, kada ka je ka yi wa mutumin nan wani abu. Taimako ya yi, ba da gangan ya yi ba. Kuma yarinya 'yar shekara biyar, me ya fito da ita kan kwalta ita kaɗai? Wannan ma ai abin dubawa ne."

Sha'aibu ya miƙe, ya sa takalmansa. Sai da ya juya baya sannan muryarsa ta fito.

"Oyoyo ta fito yi, Malam. Tun daga nesa ta gane hon ɗin motar babanta."