Gwiwar Wa Ta Yi Ƙara?

Tun da hukuma ta liƙa akwatin sauraro a kowane zaure, duk wanda gwiwarsa ta yi ƙara, mota ke zuwa ta kai shi Gidan Hutu. Ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba.

Wata uku ke nan Tabawa tana ɓoye ciwonta. Farin yashi ne yake taruwa a guringuntsin gwiwarta, ƙwaya bisa ƙwaya, kamar wanda ke daskarewa a gindin butar shayi.

Da hantsi uwar mijinta, Inna Kande, ta iso daga ƙauye, ta zauna a zaure. Kuma ba a gaida suruka a tsaye.

"Yau kuma sanda kika haɗiye?" in ji Inna.

Tabawa ta durƙusa, zufa na keto mata. Ƙaras!

Jar fitilar akwatin ta kama. "Gwiwar wa?" in ji wata murya daga cikinsa.

Inna ta dubi Tabawa, ta dubi takalman jikokinta jere a bakin ƙofa. Ta gyara mayafinta.

"Tawa ce, ɗan nema. Kira motar." Sannan ta rage murya. "Ke kuma, 'yar nan, daga yau a tsaye za ki riƙa gaida kowa."