Wutar Da Ke Cikin Bango

"Ba inda za ni," in ji Ya Gana, tsohuwar maƙwabciyarsu, tana zaune ta jingina da bangon zauren da Madu zai rushe.

Ma'aikata na tsaye da guduma. Tun da ambaliya ta jiƙa gidan mahaifinsa a unguwar Abbaganaram Madu ke shirin gyara. Ya kwashe kaya, ya rufe famfo, ya sa an cire wayar gidan daga falwaya.

"Ya Gana, bangon nan zai faɗo miki."

"Ka sallami mutanen nan mu yi magana."

"Faɗi a gabansu. Gidan ubana ne."

Ta miƙe, ta shiga zauren, ta danna makunni. Ƙwan lantarki ya kama. Mai guduma ya ja da baya.

"Lokacin da aka yanke wa babanka wuta, daga ɗakina ya ja waya ta cikin bangon nan. Har ya rasu ba wanda ya ji a bakina. Na so in ci gaba da rufa masa asiri, amma ba da ran ɗan wani ba."