Rigar Malam Maharazu

"Cire rigar, Baba," in ji Shitu, ma'aikacin asibitin, yana warware wayoyi.

Malam Maharazu ya cire yana gunaguni. Tun da ciwon zuciya ya kayar da shi a gonarsa ta Dayi, iyalinsa suka ɓoye masa fartanya, ko buta ba a bari ya ɗauka. Ga dawa ta nuna, ga tsuntsaye suna biki a kanta. An ce ba zai koma gona ba sai ya hau wata na'ura a Funtuwa, ya yi tafiya a kanta, likita ta ga ko zuciyar za ta ɗauki wahala.

Shitu ya manna masa wayoyi a ƙirji. Bugun zuciyar ya fito a allo, tsaf, kamar na mai jiran tuwo.

Sai likitar ta shigo da sallama ƙasa-ƙasa. Ba ta dube shi ba. Shi ma ya kafa wa bango ido, ya cire hula ya rufe abin da hula za ta iya rufewa na ƙirjinsa.

"Shitu, ce masa ya hau," ta faɗa, idonta a kan allo.

"Ce mata na ji," in ji Malam.

Na'ura ta fara tafiya, a hankali ma. Amma tsohon da ke bin shanun huɗa tun safe har azahar sai ga shi yana tuntuɓe, zufa na zuba, hannu ɗaya a ƙarfen na'urar, ɗaya a hula. Zuciya kuwa ta kama sukuwa. Likitar ta ɗaga hannu, Shitu ya kashe.

"Baba, da wannan bugun kam, ka manta da girbi," in ji Shitu.

Malam ya sauko ya zauna. Wallahi abin tausayi. Dawarsa ce, shi ya shuka, yanzu wasu za su yanke yana zaune a inuwa.

Likitar ta daɗe tana kallon allon. Can ta ja allon zuwa bayan labule, ita ma ta shige, ta ja labulen ruf.

"A sake," muryarta ta fito daga ciki.

Malam ya mayar da hula inda Allah ya yi ta zauna. Na'ura ta tashi, ya bi ta. Aka ƙara sauri, ya ƙara, kai ka ce kasuwar Musawa ce za ta watse bai iso ba. Har yana tambayar Shitu ko iyakar ƙarfinta ke nan.

"Ce masa ya yi girbinsa, amma banda ɗaukar dami," in ji likitar. "Kuma ya sa riga kafin in fito."

Shitu ya miƙa masa rigar yana danne dariya. To, ai dole: tun ranar da ɗansa Aƙilu ya auro likitar nan, ko cin abinci Malam bai taɓa yi a gabanta ba, balle gudu ba riga.