Jan Tauraro Bisa Gwangwanin Sadin

Ranar Kirsimeti da la'asar, a gidanmu na Banikanni, Inna ta hana a buɗe tukunyar shinkafa sai Baba ya ba mu labarin haihuwar Yesu. Ita ta gina jaririn da yumɓu, ta kwantar da shi cikin gwangwanin sadin. Har yau ina jin ƙarnin kifin nan.

Ni kuwa na ga babu tauraro. Sai na ɗauko jan tauraron juyin juya hali da aka ba mu a lakwal, wato makaranta, na liƙa a bango bisa gwangwanin.

Kwatsam sai ga delege, mai kai rahoton unguwa. Ya ƙura wa bangon ido. Inna ta daskare da cokali a hannu: a cire tauraron, an raina gwamnati; a bar shi, an sa alamarta cikin ibada.

Delege ya kira Baba yadda 'yan juyin ke kiran juna: "Kamarad, mene ne wannan?"

Baba ya ce, "Yarinyar ce ta ba shi aiki, delege. Yana nuna mana inda Yaron yake."

Baba ya durƙusa gaban gwangwanin, muka bi shi. Delege ya tsaya har muka ce amin, sannan Inna ta zuba masa shinkafa.

Tauraron nan ya daɗe da faɗuwa. Gwangwanin yana ɗakina.